Liniyarite a amfuli da modilata: tsakanin me da me, kuma har zuwa ina?

Wani ɗalibi da ke karatun lantarki a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta nan Maradi ya aiko da wannan tambaya: "Kawu, malaminmu ya ce na'ura liniyer ba ta haifar da sabuwar firikansi, abin da ka sa mata shi take fitarwa, sai dai ya ƙaru ko ya ragu. To ga modilatar AM, ka ba ta sauti na 1 kHz ta fito da wasu firikansi can sama, amma littafi ya ce AM liniyer ce. FM kuma an ce ba liniyer ba ce, sai a darasi na gaba aka ce dole modilatar FM ta zama liniyer. Wanne za mu kama?"

Ɗana, kama duka, don babu wanda ya yi maka ƙarya. Kowane ya faɗi gaskiya ne ya bar sharaɗinta a aljihu. Ga wanda bai saba ba: amfuli na'urar ƙara ƙarfin sigina ce, modilata kuma ita ke ɗora sauti a kan igiyar rediyo, ta AM tana canza tsawon igiyar, ta FM tana canza firikansinta, wato yawan kaɗawarta a daƙiƙa. Liniyarite ba tambari ba ne da ake manna wa akwati a ce wannan yana da shi, wancan ba ya da shi. Magana ce a kan dangantakar abu biyu. Duk lokacin da wani ya ce maka na'ura liniyer ce, ka tambaye shi: tsakanin wace shiga da wace fita? Kuma har zuwa wane ƙarfi? In ba a amsa waɗannan biyu ba, ba a ce komai ba tukuna.

Ma'anar asali ba ta ma ambaci firikansi ba. Sharaɗi biyu ne kawai. Na farko, in ka ninka shiga, fita ta ninka daidai wannan ninkin. Na biyu, in ka haɗa sigina biyu ka sa su tare, abin da ya fito ya zama daidai da jimlar abin da kowanne zai fitar shi kaɗai. Ka duba sikelin masu aya a kasuwa: buhu ɗaya ya ba ka kilo 40, ɗayan kilo 30, ka ɗora su tare ka ga 70. Sikelin kirki ke nan. In ya nuna 66 saboda sifirin ya gaji daga can sama, ya karya sharaɗi. In kuma babu komai a kansa yana nuna kilo 2, zanensa miƙaƙƙen layi ne amma bai ratsa ta sifili ba, don haka a wurin masu lissafi bai cika liniyer ba, ko da yake cire wannan 2 ɗin abu ne mai sauƙi. Riƙe wannan na ƙarshe, zai yi mana amfani a wajen AM.

To daga ina maganar malaminka ta fito? Daga sharaɗi na uku da aka saba haɗawa da waɗancan ba tare da an faɗa ba: cewa halin na'urar ba ya canzawa da lokaci. In na'ura liniyer ce, kuma abin da take yi yanzu shi za ta yi anjima, to sinus ya shiga sinus zai fito, firikansi ɗaya, tsawo da jinkiri kawai za su bambanta. Amfuli haka ake so ya kasance, shi ya sa a kansa gwajin malaminka ke aiki sarai. Modilata kuwa da gangan aka gina ta halinta ya riƙa canzawa da lokaci. A nan gizo ke saƙar.

Mu fara da amfulin. Babu tiranzisto da aka haifa liniyer. Ƙafafunsa uku ne, kolekta da bas da emeta. Kuran ɗin da ke bi ta kolekta yana hawa ne a kan tansiyon bas da emeta bisa lissafin eksponansiyel, kuma ma'aunin lanƙwasar kusan milivolt 26 ne a zafin ɗaki. Wannan ƙaramin adadi shi ke mulki. Tiranzisto guda, tsirara, ba rezistans a emeta, in ka ba shi sinus mai tsinin milivolt 1, armonik ta biyu, wato sabon sauti mai ninki biyu na firikansin asali, za ta kai wajen kashi 1 cikin 100. Ka kai shi milivolt 10, ta kai wajen kashi 10. Ka haɗa biyu a matsayin tagwaye masu karɓar bambanci, armonik ta biyu ta kashe kanta, sai ka kai wajen milivolt 18 kafin ta uku ta kai kashi 1. Abin da muke kira amfuli liniyer, lanƙwasasshen abu ne da muka tsaya a wani ɗan gutsure nasa inda lanƙwasar ba ta fito fili ba.

A takarda, in x shiga ce y kuma fita, ana rubuta shi haka: y = a1·x + a2·x² + a3·x³, da sauransu. Na farkon shi ne ribar da kake so, wato ninkin da amfuli ke yi wa sigina. Na biyu, in x sinus ne na 1 kHz, yana haifar da 2 kHz da ɗan tansiyon tsaye. Na uku yana haifar da 3 kHz, sannan ya taɓa ita kanta 1 kHz ɗin, yawanci ya rage ta, wanda shi ne dalilin da riba ke dusashewa in sigina ya girma. Tara waɗannan ƴaƴan ka gwada da uwar, ka sami adadin jirkicewar da ake rubutawa THD.

Amma ni ban cika sakin jiki da THD ita kaɗai ba. Armonik suna zaune ne a kan ninkin sautin asali, kunne kuma ya saba da su, don gurmi da kalangu da muryar mutum duk cike suke da su. Abin da ke ɓata sauti da gaske shi ne in sauti biyu suka shiga tare suka haifi abin da ba na wannan ba, ba na wancan ba. Sa 1000 Hz da 1300 Hz, x² zai ba ka 300 da 2300, x³ zai ba ka 700 da 1600. Babu ɗayansu da ke da dangi a cikin kiɗan. Wannan ne ƙazantar da kake ji in mai wa'azi ya ɗaga murya lasifikar ta fara kwarmato. A rediyo abin ya fi muni, domin in firikansin biyun f1 da f2 ne, 2f1 − f2 da 2f2 − f1 suna faɗowa ne dab da siginar kanta, inda babu matacin da zai cire su. Kuma suna da saurin girma: ka ƙara shiga da dB 1 (desibel, ma'aunin hawa da saukar ƙarfin sigina), su ƙaru da dB 3. Daga nan aka samo ma'aunin IP3, wato inda layin sigina da layin waɗannan ƴaƴan za su haɗu da a ce an ci gaba da jan su, wurin da amfulin ba ya taɓa kaiwa a zahiri. Ɗan'uwansa shi ne P1dB, inda riba ta faɗi da dB 1, wanda a lissafin x³ zalla yake zuwa kusan dB 10 ƙasa da IP3.

Wata ɓata da ɗalibai ke yi: su ga siffar sigina ta canza a osiloskof su ce amfuli ba liniyer ba ne. Sa sigina mai kusurwa huɗu a mataci na rezistans da kondansata, kusurwoyin su zagaye. Siffa ta canza, amma sharuɗɗan nan biyu suna nan daram, babu sabuwar firikansi, wasu ne kawai aka rage wa ƙarfi. Maɓallin bas da tirebul na amfulin biki aikin da yake yi ke nan.

Yanzu "har zuwa ina". Amfuli mai cin volt 35 sama da volt 35 ƙasa ba zai iya fitar da tsinin da ya wuce wajen volt 32 ba. A kan lasifika mai om 8, wat 64 ke nan, ko me aka rubuta a kwali. Ka matsa ya wuce haka, kan sinus ɗin ya baje kamar an yanke shi. Ina yawan nuna wa yara wannan a teburin gyara: amfulin da aka kawo daga wurin biki ana kukan yana ƙona tuwita, mu ɗaura masa rezistans om 8 mai jure zafi, mu ba shi 1 kHz, mu riƙa murɗa maɓalli a hankali. Sinus na hawa sumul, sai can ka ga samansa ya fara lafewa, ɗan kaɗan, kafin kunne ya ji komai. Sai mu rage tansiyon shiga daga 220 zuwa 180, irin abin da ƙaramin guruf ke bayarwa in an ɗora masa firij da fitilu, ba mu taɓa maɓallin ƙara ba. Nan take lafewar ta ninka. Amfulin lafiyarsa lau, filin da yake liniyer a ciki ne ya tsuke, armonik ɗin da yankan ya haifa kuma suna tafiya kai tsaye wurin tuwita. Takardar TDA2030, ƙaramin amfulin da ke cike da shagunanmu, ta faɗi gaskiyar nan ƙarara: a kan om 4 da volt 14 sama da ƙasa, wat 14 ne in ka yarda da jirkicewar kashi 0.5, wat 18 in ka yarda da kashi 10. Ƙarfe ɗaya, lamba biyu. Wanda ya faɗa maka wat bai faɗi jirkicewa ba, rabin zance ya yi.

Kar kuma ka ɗauka ƙaramin sigina kullum lafiya yake. Amfuli ajin B, inda tiranzisto ɗaya ke ɗaukar rabin sama ɗayan rabin ƙasa, matsalarsa a tsakiya take, wurin miƙa hannu, don kowanne sai ya ga wajen volt 0.6 yake farkawa. Irin wannan ya fi muni in an yi ƙasa da murya. Maganinsa ɗan kuran jira da ake bar musu, ajin AB ke nan. Sai dai wannan volt 0.6 ɗin yana sauka da kusan milivolt 2 a kowane digiri na zafi, ga Maradi kuma a watan Afrilu da Mayu ta wuce digiri 40 tun kafin ƙarfen sanyaya ya ƙara nasa. Shi ya sa ake ɗaure wani ƙaramin tiranzisto a jikin ƙarfen tare da manyan, su 2SC5200 da 2SA1943, ya riƙa jin zafinsu yana rage musu kuran. Na sha buɗe amfuli in tarar mai gyaran baya ya canza manyan ya bar ƙaramin yana lilo a iska. Da safe sauti tas, da la'asar hayaƙi.

Me ya sa to ba a tsaya a ajin A ba, inda tiranzisto ke aiki a duk zagayen sigina, tunda shi ya fi miƙewa? Wuta. Ajin A iyakarsa kashi 25 cikin 100 na abin da ya ci, ko 50 in da taransifoma, saura zafi. Ajin B yana iya kai 78.5. Ga mai aiki da batir da fano, wannan ba ƙaramin zance ba ne. Kusan duk tarihin fannin ciniki ne tsakanin miƙewa da tattalin wuta.

Babbar dabarar da ta sauƙaƙa cinikin ta Harold Black ce, injiniya a Bell Labs, a 1927. Layin wayar nesa a Amurka yana bi ta amfuli bayan amfuli, kowanne na ƙara tasa jirkicewar. Black ya ce a gina amfuli mai riba fiye da buƙata, a ɗebo wani yanki na fita a mayar da shi shiga a kife, amfulin ya riƙa gyara kuskurensa da kansa. Riba 1000 ka mayar da ita 20, ka sadaukar da ninki 50, jirkicewar kashi 5 ta sauko wajen 0.1. Amma dabarar ba ta ƙirƙiro volt ɗin da babu. In an kai rufi, an kai.

To mu dawo kan modilata. Modilatar AM a asalinta mai ninkawa ce: tana ninka saƙo da igiyar dako, wato sinus mai babbar firikansi da zai ɗauki saƙon. Tana da ƙofa biyu, kuma a nan tambayar "tsakanin me da me" ke biyan kuɗinta. Tsayar da igiyar dako, ka ɗauke ta wani ɓangare ne na na'urar, ka dubi ƙofar saƙo kawai. Ninka saƙo, fita ta ninka. Haɗa saƙo biyu, fita ta zama jimla. Sharuɗɗa sun cika. Abin da kake da shi amfuli ne wanda ribarsa ke lilo sama da ƙasa sau dubbai a daƙiƙa. Liniyer ce, amma mai canzawa da lokaci, don haka dokar malaminka ba ta hau kanta ba.

Gwajin da ya dace da ita ga shi. Igiyar dako 1000 kHz, saƙo 1 kHz: za ka ga 999 da 1001. Saƙo 3 kHz: 997 da 1003. Sa su tare: waɗannan huɗun, ba ƙari. In ka hango wani abu a 1002 ko 1004, to saƙonnin sun taɓa juna ko ɗayansu ya haifi armonik, modilatar ta karya sharaɗi. Sabuwar firikansi ba laifi ba ce, wadda ba a gayyata ba ita ce laifi. AM ta gidan rediyo tana barin igiyar dako tana fita ko babu saƙo, irin kilo 2 ɗin nan ke nan, shi ya sa mai tsananin lissafi zai ce DSB da SSB, waɗanda ake cire wa igiyar dako, su ne liniyer zalla. Iyakarta kuma kashi 100: ka wuce, lulluɓin siginar ya daki sifili ya yanke, tashar ta fantsama kan maƙwabtanta.

Abin da ya fi burge ni shi ne cikin akwatin yana iya zama ba liniyer ba ko kaɗan. A da'irar da Barrie Gilbert ya bayyana a 1968, wadda irinta ke cikin MC1496, tiranzisto huɗun sama ana dukan su da igiyar dako har su zama makunna kawai, buɗe rufe. Ta wannan ƙofar babu wata miƙewa, kuma haka ake so. Ƙofar saƙo da ke ƙasa ita ake lallaɓawa da rezistans a emeta. Tsofaffin manyan tashoshin AM ma haka: matakin ƙarshe ajin C ne, mai aiki a ɗan yankin zagayen sigina kawai, wanda in ka gwada shigarsa da fitarsa za ka ce ba shi da amfani, amma tsawon abin da yake fitarwa yana bin tansiyon da ake ciyar da shi sau da ƙafa, sai aka ɗora murya a kan wannan tansiyon. Amfulin ajin D da ke cikin baful masu caji na yanzu ma makunni ne zalla a ciki, daga murya zuwa murya kuma liniyer.

FM fa? Maganganun biyu da ka ji duk daidai ne, fita biyu daban ake nufi. In fitar da kake kallo ita ce siginar da ke tafiya eriya, FM ba liniyer ba ce, ko modilatar ta sauko daga sama. Ninka saƙo, tsawon sigina ba ya motsi. Sautin 1 kHz guda yana haifar da gefuna a 1, 2, 3 kHz da gaba, ƙarfinsu na bin lissafin Bessel, sauti biyu kuma su haifi haɗe-haɗensu. Shi ya sa tashar da ke kauce wa tsakiya da 75 kHz, da sauti har 15 kHz, take cin wajen 180 kHz bisa ƙa'idar Carson. Amma in fitar da kake kallo ita ce yawan kaucewar firikansi, to nan dole layi ya miƙe: volt 1 ya ba da 25 kHz, volt 2 ya ba da 50, volt 3 ya ba da 75. Diyod ɗin barikaf da ake yawan yin aikin da shi ba ya bin miƙaƙƙen layi, don haka ake tsayawa a ɗan yankinsa. In ya lanƙwashe, rediyon mai saurare zai fitar da jirkitacciyar murya, a sitiriyo kuma hagu da dama su fara zubar wa juna, tunda bambancinsu na tafiya ne a kan 38 kHz tare da jagora ta 19 kHz. Lissafin Bessel ɗin ma yana da ranarsa: igiyar dako tana ɓacewa ɗungurum in kaucewa ta kai ninki 2.405 na sautin, don haka sauti na 31.2 kHz zai ɓatar da ita daidai a 75 kHz. Da haka ake saita tasha.

Tunda tsawon siginar FM ba ya canzawa, amfulin ƙarshe ba ya buƙatar miƙewa, ajin C ya wadatar, a bi shi da matacin armonik. Wannan na cikin abin da ya sa tashoshin FM ke da sauƙin kafawa da riƙewa. Sharaɗin shi ne igiya ɗaya kawai. In eriyar tashoshi biyu na kan hasumiya ɗaya, siginar wannan ta kutso cikin amfulin waccan, tsohon lissafin nan ya dawo. A misali, 104 MHz da 96 MHz za su haifi 112 MHz, alhali daga 108 zuwa sama firikansin rediyon jiragen sama ne. Wayar salula ta bi wannan hanyar: GSM tsawonta tsaye yake kamar FM, 4G da talabijin ta DVB-T2 kuwa suna tafe da ɗaruruwa har dubban igiyoyi tare, tsininsu na wuce matsakaicinsu da wajen dB 10. Dole a ja amfuli baya sosai daga rufinsa, ko a koma ga tsarin da William Doherty ya fito da shi a 1936, a haɗa da jirkita sigina da gangan ta kishiyar hanya kafin ya shiga, lanƙwasa biyu su kashe juna. A can ma ana auna yadda ƙarfin sigina ke karkatar da faz ɗinsa, wato jinkirinsa, abin da zanen shiga da fita na tansiyon tsaye ba zai taɓa nuna maka ba.

A jarrabawa, fara da sharuɗɗan biyu, ka ambaci shiga da fitar da kake nufi, ka ce dokar firikansi ta masu tsayayyen hali ce, sannan ka ba da ma'auni da iyakarsa: THD kaza a wat kaza kan om kaza, ko IP3 kaza. In kuma kana son gani da idonka, kwamfutarka ta isa. Manhajar Audacity kyauta ce, tana haifar da sauti, tana kuma zana firikansin abin da ka naɗa. Haɗa 1000 da 1300 Hz ka ba ƙaramin amfuli, ɗaura masa rezistans om 8 a madadin lasifika, ka rage fitar da rezistans biyu, misali kilo-om 47 da kilo-om 1, kafin ta shiga kwamfuta. Tabbatar ƙafa ɗaya ta fitar amfulin a mas take, wato layin sifili na da'irar, don masu fita ta gada, waɗanda ƙafafunsu biyu duk ke ɗauke da sigina, za su ƙone in ka haɗa su haka. Fara naɗar kwamfutar ita kaɗai, fita zuwa shiga, ka san nata dattin. Sannan ka riƙa ƙara ƙarfi kaɗan kaɗan kana duban 700 da 1600, ka rubuta dB nawa suke hawa a duk dB 1 da ka ƙara.